Golden Eaglets: Kofi Biyar a Kabad, Yaran Kuma Suna Ina?

Jiya da daddare a majalisarmu, yaron da ke taya mai shayi aiki, ɗan shekara goma sha shida, ya tambaye ni wai da gaske ne Najeriya ta taɓa cin Kofin Duniya? Muna hirar gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ne da aka kammala a Katar, wadda Fotugal ta ɗauka bayan ta ci Ostiriya ɗaya da nema. Na ce masa sau biyar ma kuwa, kuma har yau babu ƙasar da ta kamo mu a wannan rukuni, Burazil ɗin ma huɗu gare ta. Ya yi min kallon da yara ke yi wa tsoho in ya fara labarin zamanin da ake sayen buhun shinkafa naira talatin. Ban ga laifinsa ba. Lokacin da muka ɗauko na ƙarshe a 2015 shekararsa shida.

Gasar 2025 ƙasa 48 aka tara. Afirka aka ba ta gurbi goma. Yuganda da Zambiya, waɗanda ba su taɓa zuwa ba, sun je. Najeriya mai kofi biyar tana gida tana kallo a waya. A watan Nuwamba na 2025 dai Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Super Eagles a Rabat da bugun fenareti, ke nan muka rasa gurbin zuwa Kofin Duniya na manya na 2026, kamar yadda ba mu je na 2022 ba. Kuma a 2025 ne aka cika shekara 40 cif da kofinmu na farko. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tarihin yaran nan kamar yadda na rayu da shi. Rubutun zai yi tsawo, a yi min haƙuri.

A 1985 ina ɗan firamare a Kano. Shekarar ce FIFA ta fara shirya gasar duniya ta yara, a lokacin ta 'yan ƙasa da shekara 16 ce, aka yi ta a ƙasar Sin da ƙasashe goma sha shida. Babu wanda ya sa Najeriya a lissafi. Koci Sebastian Brodrick da mataimakinsa Christian Chukwu, Allah Ya yi musu rasuwa dukansu yanzu, suka tafi da yaran da ake kira Baby Eagles. Suka ci Italiya ɗaya da nema, suka yi canjaras da Saudiyya, suka ba Kosta Rika uku. Suka fitar da Hangare da ci uku da ɗaya, sannan Gini a bugun fenareti. Ran Lahadi 11 ga Agusta a birnin Beijin suka haɗu da Jamus ta Yamma a wasan ƙarshe. Jonathan Akpoborie ya ci ta farko tun wasa bai yi nisa ba, Victor Igbinoba ya rufe da ta biyu dab da tashi. Kyaftin Nduka Ugbade ya ɗaga kofi. Karo na farko ke nan da wata ƙasar Afirka ta ci gasar FIFA kowace iri.

Mu labarin ta rediyo ya iso mana. Na tuna mahaifina, wanda ƙwallo a wurinsa aikin marasa aikin yi ne, ya ƙara muryar rediyon ya ce a yi shiru. Da yamma duk filin unguwa kowa ya zama Akpoborie, ko sunan ba mu iya faɗa daidai ba. Cikin tawagar akwai irin su Sani Adamu da Salisu Nakade, sai muka ji ashe abin namu ne mu ma. Marigayi Janar Muhammadu Buhari, shugaban ƙasa na mulkin soja a lokacin, shi ya tarbe su, ya sauya musu suna zuwa Golden Eaglets, ya yi musu alƙawura. Kwana goma sha shida bayan wasan ƙarshe aka yi masa juyin mulki. Alƙawarin bai cika ba sai da ya dawo a farar hula, a farkon 2016 ya ba su kyautarsu, bayan shekara talatin. Yaran da suka ci kofi suna samari suka karɓi tukuici da furfura. Ku riƙe wannan, don kusan shi ne labarin gaba ɗaya a dunƙule.

Daga ina aka samo yaran 1985? Wannan tambayar ce ba a cika yi ba. A lokacin akwai gasannin makarantu masu rai, akwai kofin firinsifal, akwai ƙungiyar YSFON da ke tattara yara daga jihohi tana fita da su gasanni har Turai. Mu a Kano mun san gasar Ramat Cup da ake yi duk shekara don tunawa da Janar Murtala. Yaro yana buga wa makarantarsa, malamin wasanni ya san ajinsa, ya san ubansa. Akwai gona, shi ya sa aka yi girbi.

A 1987 a Kanada muka sake zuwa wasan ƙarshe, Tarayyar Sobiyet ta ɗauke a bugun fenareti bayan an tashi kunnen doki ɗaya da ɗaya, Philip Osondu ya zama gwarzon gasar. A 1989 a Sikotilan Saudiyya ta fitar da mu a kwata-fainal, ita ma da fenareti, kuma ita ta ci kofin. A ƙarshen wannan shekarar ne abin kunya na farko ya fito fili. FIFA ta gano cewa ranakun haihuwar wasu 'yan wasanmu uku da aka miƙa a gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka miƙa musu a gasannin matasa na baya. Aka dakatar da Najeriya shekara biyu daga gasannin matasa, aka ƙwace mana baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 20 ta 1991. Don haka da aka mayar da gasar yaran ta 'yan ƙasa da 17 a 1991, ba mu je ba, Gana ta ɗauka. Tun a lokacin aka ja mana kunne. Mun ji zafin hukuncin, amma darasin ban ga alamar mun ɗauka ba.

Sai 1993 a Japan, ƙarƙashin Fanny Amun. A wurina wannan ce tawagar da ta fi kowace amfani ga ƙasa. Sun ba Kanada takwas, Ajantina huɗu, duk ba ko ɗaya, suka ci Gana biyu da ɗaya a wasan ƙarshe a Tokiyo. Kyaftin Wilson Oruma ya fi kowa cin ƙwallaye da shida. Akwai Nwankwo Kanu, akwai Celestine Babayaro ɗan Kaduna, akwai Mobi Oparaku, akwai Ibrahim Babangida ƙanin Tijjani. Shekara uku kacal bayan haka Kanu da Babayaro da Oruma da Oparaku suna cikin waɗanda suka ci zinare a Olamfik ta Atlanta a 1996, suka doke Burazil da Ajantina. Kanu ya ci Kofin Zakarun Turai da Ajax a 1995, ya zama gwarzon Afirka sau biyu, 1996 da 1999. Amfanin gasar yara ke nan in an yi ta daidai, ta zama tsani. Kofin Tokiyo yana kabad, amma ribarsa ta gaske a Atlanta muka ci ta.

Daga nan aka shiga hawa da sauka. A 1995 Oman ce ta fitar da mu a Ekwado. 1997 da 1999 ba mu je ba. A 2001 a Tirinidad da Tobago, yaran koci Musa Abdullahi suka ci Faransa a wasan farko, suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe Faransa ta rama da uku ba ko ɗaya. Tauraronmu Femi Opabunmi, shekara ta zagayo aka kai shi Kofin Duniya na manya har ya buga wasan Ingila. Bayan 'yan shekaru ciwon ido ya raba shi da ƙwallo yana tsakiyar ƙuruciya. A 2003 a Finlan, tawagar da Mikel Obi yake ciki ta yi daidai da Kosta Rika a maki da ƙwallaye da komai, sai aka jefa ƙuri'a, ƙuri'a ta faɗa wa Kosta Rika. Haka muka dawo gida da hannun wani da ya zaro takarda.

2007 ita ce wadda har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Koci Yemi Tella ya tafi Koriya ta Kudu yana fama da cutar daji ta huhu, duk wanda ya gan shi a talabijin ya ga yadda ya rame. Yaransa suka ci Jamus uku da ɗaya a wasan kusa da na ƙarshe, suka yi canjaras da Sifaniya ba ci, a bugun fenareti Sifaniya ta kasa cin ko ɗaya, aka tashi uku da nema. An yi wasan ran 9 ga Satumba, kafin Oktoba ta ƙare Tella ya rasu. Kyaftin Lukman Haruna ne ɗan Jos, lamba goma kuma Rabi'u Ibrahim na Kano, wanda a lokacin kowa ke cewa ga magajin Okocha. Macauley Chrisantus ya ci ƙwallo bakwai ya ɗauki takalmin zinare.

To a nan nake so mu tsaya mu yi lissafi. Gwarzon gasar 2007 wani yaro ne Bajamushe da muka fitar da ƙasarsa, Toni Kroos. Ya je ya ci Kofin Duniya a 2014, ya ci Kofin Zakarun Turai sau shida. Golan Sifaniya da muka zura wa fenareti uku David de Gea ne, wanda ya yi shekara goma sha biyu a Manchester United. Chrisantus namu ya tafi Hamburg, daga nan ya yi ta yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Rabi'u ya bi ta Sporting da PSV da Celtic, sai a Silobakiya ya samu wurin zama. Lukman ya buga Kofin Duniya na 2010, tauraron bai daɗe yana haske ba. Mu muka ɗauki kofi, su suka ɗauki 'yan wasa.

Na 2009 kuwa da idona na gani, don a gida aka yi: Abuja, Legas, Kano, Kaduna, Bauci, Inugu, Kalaba da Ijebu-Ode. Rukunin Sifaniya a Kano aka ajiye shi, na shiga filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata na kalli wasu yara ƙanana masu fuskar jarirai suna taɓa ƙwallo kamar da hannu. Sai daga baya na san sunayensu: Isco, Koke, Morata. A wannan gasa Neymar da Coutinho da Casemiro suka zo da Burazil, ko rukuni ba su fita ba. Mu kuwa wasan farko Jamus ta ci mu uku ba ko ɗaya, muka farke duka aka tashi uku da uku. Sani Emmanuel, wanda galibi daga benci yake shigowa, ya zama gwarzon gasar. Ran 15 ga Nuwamba a Abuja, gaban jama'armu, Suwizalan ta ci mu ɗaya da nema ta hannun Haris Seferovic. Shekara goma sha biyu bayan haka, Seferovic ɗin nan da Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez, 'yan wannan tawaga, suna tare a filin da Suwizalan ta fitar da Faransa mai riƙe da Kofin Duniya daga gasar Turai. Sani Emmanuel ya tafi Lazio, rauni ya dame shi, ya ajiye takalmi da wuri. Kada in yi rashin adalci, Kenneth Omeruo da Ogenyi Onazi daga wannan tawaga suka fito, kuma da su aka ci Kofin Afirka na 2013.

A 2009 ɗin ne FIFA ta shigo da gwajin na'urar MRI. Ana ɗaukar hoton ƙashin tsintsiyar hannu ne. Yaro in yana girma akwai wata gaɓa a ƙarshen ƙashin da ba ta gama haɗewa ba, in ta haɗe tsaf to mafi yawan lokaci ya wuce goma sha bakwai. Da aka gwada yaranmu kafin gasar, goma sha biyar aka sallama daga sansani. Ana tsakiyar gasar kuma tsohon ɗan wasan Green Eagles, lauya Adokiye Amiesimaka, ya fito ya yi zargin cewa akwai wanda ya girme wa shekarun a cikin tawagar. Maimakon a bincika sai aka yi masa ca, wai ba ya kishin ƙasa. A nan ƙasar mai tona asiri shi ne maƙiyi, mai aikata abin ɗan kishi.

Duk da na'urar, tawagogi biyu da suka biyo baya sun nuna cewa baiwar tana nan. A 2013 Manu Garba, mutumin Gombe, da Emmanuel Amunike da Nduka Ugbade a matsayin mataimaka, suka tafi Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wasan farko suka ba Meziko mai riƙe da kofi shida da ɗaya, Kelechi Iheanacho ya ci huɗu. Wasan ƙarshe a Abu Dabi suka sake haɗuwa da Meziko, uku ba ko ɗaya, kyaftin Musa Muhammad ɗan Kano ya rufe da bugun tazara. Ƙwallo 26 suka ci a wasa bakwai. Akwai Musa Yahaya, Taiwo Awoniyi, Isaac Success, Zaharaddeen Bello, Dele Alampasu a raga. Na kalli wasan a gidan kallo, da Musa ya ci ta uku benci ya karye da mu, ba wanda ya ji ciwo sai washegari. Abin da mutane suka manta shi ne yaran nan sun daɗe tare a sansaninsu na Kalaba tun 2012, gwamnatin Kuros Riba na ɗaukar nauyi. An ba su lokaci suka san juna. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wannan karon ba a yi hakan ba.

A 2015 a Cile, Amunike ya karɓi ragama. Suka ci Burazil uku da nema a kwata-fainal, Meziko huɗu da biyu, sannan Mali biyu ba ko ɗaya a wasan ƙarshe ran 8 ga Nuwamba. Victor Osimhen ya ci ƙwallo goma, abin da ba a taɓa yi ba a gasa ɗaya. Kelechi Nwakali ya zama gwarzo, ga Samuel Chukwueze a gefe. Kofi na biyar ke nan, na biyu a jere. Osimhen ya je ya ciyo wa Napoli kofin Italiya a 2023 bayan shekara 33 suna jira, ya zama gwarzon Afirka a shekarar. Shi da Kanu su ne hujjar cewa tsanin yana aiki in an taka shi da gaskiya.

Daga nan sai igiya ta tsinke. A 2016, muna riƙe da kofin duniya, aka yi wa yaran sansani gwajin MRI dab da wasan neman gurbi da Nijar, 26 suka faɗi. Da ragowar aka ci Nijar ɗaya da nema a Abuja, aka je Yamai suka ba mu uku da ɗaya. Zakaran duniya ko gasar Afirka bai je ba. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa suka wuce har Indiya a 2017, karonsu na farko, suka ci Koriya ta Arewa suka kai zagayen 'yan 16. Abokaina na Maraɗi har yau ba su daina tsokanata da wannan ba. A 2019 mun je Burazil, Ibrahim Sa'id ya ci Ekwado uku shi kaɗai, Holan ta kore mu da uku da ɗaya a zagayen 'yan 16. Wannan shi ne zuwanmu na ƙarshe. Ta 2021 korona ta hana. A 2023 Burkina Faso ta fitar da mu a kwata-fainal na gasar Afirka a Aljeriya. A 2024 ko daga shiyyarmu ta Yammacin Afirka ba mu fita ba, na uku muka zo a Gana.

Na san masu kare hukuma za su ce shiyyarmu ta yi zafi, Gana da Kwaddibuwa da Burkina Faso da Nijar duk wuri ɗaya ana kokawar gurbi biyu. Gaskiya ne. Wasu kuma za su ce ko a Turai ba kowane tauraron yara ne ke zama babba ba, su kawo misalin Sinama Pongolle da Le Tallec na Faransa da suka ci mu a 2001, suka je Liverpool ba su zama abin da aka zata ba. Wannan ma gaskiya ne. Ita kanta na'urar ba wahayi ba ce, akwai yaron da ƙashinsa ke haɗewa da wuri. Wilfred Ndidi an cire shi daga tawagar 2013 saboda gwajin, ga shi ya fi da yawa daga waɗanda suka ci gwajin daɗewa a fage. Don haka ba zan nuna wani ɗan wasa da yatsa in ce ya rage shekaru ba, ban ga ranar sunansa ba. Amma ƙasar da ta je wasan ƙarshe sau takwas a gasar yara, ta ci biyar, sannan a ta manya ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 ba, dole ta tambayi kanta inda ruwan ke zurarewa.

Bari in gaya muku inda na ga yana zurarewa, a gidanmu. Ɗan yayana shekararsa goma sha biyar, ni na yanka ragon sunansa, don haka ba wanda zai gaya min shekarunsa. Yana buga tsakiya a wata ƙaramar ƙungiya ta unguwa, duk wanda ya gan shi ya san Allah Ya ba shi. Bara aka yi wani zaɓen 'yan wasa na 'yan ƙasa da 17, muka haɗa masa kuɗin mota da na fom ya tafi. Ya dawo bayan kwana uku bai ce wa kowa komai ba, ya shige ɗaki. Da na matsa masa sai ya ce min, "Baffa, waɗanda aka haɗa ni da su wallahi wasu sun yi sa'ar Yaya Babba." Minti goma sha biyar aka ba shi, kafaɗa biyu aka yi masa ya faɗi, aka ce ba shi da ƙarfi. Wani dillalin 'yan wasa da ya ga taɓinsa ya kira yayana a waya, ya ce yaron yana da kyau amma ya yi ɗanye, a bar shi ya ƙara shekara huɗu a kawo shi, su za su yi masa takardun da za su mayar da shi goma sha biyar. Ya ce ai shekarun ƙwallo daban, na haihuwa daban. Yayana ya kashe wayar. Yaron yanzu yana koyon gyaran waya a kasuwa, ƙwallo sai ran Lahadi.

Rage shekaru ana ɗaukarsa kamar wayo ne da muke yi wa Turawa. Wallahi kanmu muke yi wa. Duk ɗan shekara ashirin da ɗaya da ya saka rigar 'yan goma sha bakwai, gurbin wani yaro na gaske ya zauna a kai, irin ɗan yayana, wanda ba za a sake jin labarinsa ba. Shi kansa mai ragin bai tsira ba. Ƙungiyar Turai za ta saye shi tana jiran ya ƙara girma da ƙwarewa, alhali ya riga ya kai iyakarsa, sai a ga kullum jiya i yau, a sallame shi. Lokacin da takarda ke cewa shekararsa ashirin da shida, gwiwarsa ta san gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kuma ba na ɗora laifin a kan yaran. Yaron da ya taso gidan da ba a dafa abinci sau biyu, aka ce masa takarda ɗaya ce tsakaninsa da Turai, me kake zaton zai yi? Ga shi rajistar haihuwa ba ta dame mu ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka yi wa rajista ba su kai rabi ba. Da yawanmu in ka tambayi tsohuwa yaushe aka haife ka sai ta ce shekarar da aka yi ambaliya, ko damina biyu bayan rasuwar Sarki. Inda babu takarda tun ran suna, kowa zai iya zuwa ya yi rantsuwa a rubuta masa shekarar da yake so. Koci kuma an gaya masa ko ya kawo kofi ko ya bar aiki, an ba shi 'yan makonni ya tace dubban yara a fili ɗaya. Wanda aka ba wannan sharaɗi mai ƙirji zai ɗauka, mai basira ya jira.

Mu dubi waɗanda suka wuce mu. Maroko ta gina makarantar ƙwallo ta Sarki Muhammad na Shida a kusa da Rabat, yaro yana karatu yana atisaye shekara da shekaru. A 2022 suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya na manya, a watan Oktoban 2025 suka ci na 'yan ƙasa da 20 a Cile. Senegal tana da Diambars da Génération Foot, inda Sadio Mané ya fito. Mali tana da makarantar JMG a Bamako. Ko ɗaya cikinsu ba ta taɓa cin kofin duniya na 'yan 17 ba, mu muna da biyar. Amma yau wa zai ƙi musanya matsayinmu da na Maroko? Mu ƙungiyoyin gasarmu galibi na gwamnatocin jihohi ne, albashin manya ma da ƙyar, balle a yi zancen rainon yara. Filayen makarantun da muka yi wasa a cikinsu an yanka an yi shaguna. Kuma dokar FIFA ta hana a sayar da yaro ƙasar waje kafin ya cika 18, to tsakanin 17 da 18 ɗin nan da yawa daga zakarunmu zaman jiran dillali suke yi, babu gasa, babu makaranta.

Daga 2025 gasar ta koma duk shekara, kuma Katar ce za ta riƙa karɓar baƙunci har 2029. Ma'ana babu sauran dabarar tara yara wata biyu kafin gasa. Wanda ke da gona zai riƙa girbi duk shekara, wanda ba shi da ita zai riƙa kallo duk shekara. Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A dawo da gasar makarantu a kowace ƙaramar hukuma, a ɗaure ta da rajistar makaranta da lambar NIN tun yaro yana shekara goma, yadda in ya kai goma sha shida tarihinsa na shekara shida yana rubuce, ba mai iya goge shi. A tilasta wa kowace ƙungiyar gasar ƙwararru ta riƙe 'yan ƙasa da 15 da 17 masu buga wasa duk mako. A daina auna kocin Eaglets da kofi, a auna shi da yawan yaransa da suka kai Super Eagles bayan shekara biyar. Wanda aka kama ya yi wa yaro takardar ƙarya, babban za a hukunta, dillali ko jami'i. Mu iyaye kuma mu je mu karɓi takardar haihuwa tun kafin a watse daga taron suna.

Ni na yarda mu yi shekara goma ba mu ci kofin yara ba, in dai da yaran gaske muke zuwa. Na fi son mu sha kashi a kwata-fainal da ɗan goma sha shida da zai yi mana shekara goma sha biyar a Super Eagles, a kan kofi na shida da za mu yi rawa a kansa kwana uku mu manta sunayen waɗanda suka kawo shi.

Yaron mai shayi da na gama ba shi labarin nan, sai ya tambaye ni, "To Baba, su waɗanda suka ci na 2007 ɗin yanzu suna ina?" Na iya lissafa masa huɗu. Sauran na yi shiru. In akwai wanda ya san inda suke a cikinku, don Allah ya gaya mana, ko ba komai mu san halin da suke ciki.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace.